Ina Shuɗin Sama Yake Tafiya da Hunturu?

A watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, ɗaga kai ka dubi sama: shuɗiya ce kamar yanzu aka tsamo ta daga marina. A Janairu kuwa sai ta koma fari fat, rana ta dushe kamar wata. Wasu na cewa launin teku ne ke haskawa a sama, amma ai Agadas ba ta kusa da teku, kuma samanta shuɗiya ce.

Hasken rana da muke gani fari, gamin launuka ne, waɗanda bakan gizo ke baje mana. Kowannensu yana tafiya kamar igiyar ruwa: ja mai dogon zango, shuɗi mai gajere. Da hasken ya shigo iskar da ta lulluɓe duniya, sai ya ci karo da ƙwayoyinta, waɗanda ko madubin likita ba ya nuna su. Ja yakan wuce abinsa. Shuɗi kuwa sai su tarwatsa shi ta ko'ina, kusan ninki biyar na yadda suke yi wa ja, shi ya sa duk inda ka waiwaya shi ke shigo maka ido. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya fitar da lissafin wannan a 1871. A duniyar wata, inda babu iska, sama baƙa ce ko da rana tsaka.

To, hazo fa? Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, ta fi ƙwayoyin iska girma nesa ba kusa ba. Ita ba ta zaɓe. Duk launukan take tarwatsawa daidai wa daida, su sake haɗuwa su zama fari. Shuɗin yana nan, hazo ne ya shige gabansa. Ɗigon ruwan da ke cikin gajimare ma haka yake yi.

Da almuru labari ya sake. Rana ta yi ƙasa, haskenta sai ya ratsa iska mai kauri ninki talatin da wani abu kafin ya iso gare mu. Shuɗin ya zube a hanya, ja da ruwan goro suka rage. Wannan jan shi ne shafaƙin da ake jira ya ɓace kafin a kira sallar Isha'i.