Ko Kun Sani?

Yelena Isinbayeva 'yar Rasha ce mace ta farko da ta haye mita 5 a wasan tsalle da sanda, a Landan, shekarar 2005. Ta ci zinaren Olamfik sau biyu, a 2004 da 2008.

Abin mamaki ya faru a Agustan 2009. A zagayen ƙarshe na gasar duniya ta Balin ko tsalle ɗaya ba ta haye ba, ta fita hannu rabbana. Kwana 11 kacal bayan wannan abin kunya sai ga ta a Zurik ta tsallake mita 5.06. Ta yi ritaya a 2016, kuma har yau babu macen da ta kamo wannan tsayi.