Rubuta Umurnin Aiki Ga Manyan Injunan Buga Takardu

A shekarar 1977 ne kamfanin Xerox na Amurka ya fito da injin da ake kira 9700, wanda yake buga shafi 120 a minti guda, watau shafi 7,200 a awa ɗaya. Bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati suka rungume shi domin buga takardun albashi da na haraji. Amma duk da saurinsa, injin bai san kome ba game da abin da yake bugawa. Abin da kwamfuta take miƙo masa jerin haruffa ne da lambobi tsura. Saboda haka tilas a sami wani mutum ya zauna ya rubuta masa bayanin aikin tun kafin a kunna shi.

Shi wannan bayani ana rubuta shi ne da wani harshe na musamman da ake kira PDL. Kowane umurni yana da fanninsa. Umurnin VOLUME shi ke faɗin tsarin da aka bi aka rubuta haruffan, ko EBCDIC na manyan kwamfutocin IBM, ko kuwa ASCII. Umurnin LINE yana nuna inda rubutu ya fara a kowane layi da kuma tsawonsa, wanda galibi harafi 132 ne, gado daga tsofaffin injuna. Shi kuwa OUTPUT aikinsa ƙayyade yawan kofe, da ko za a buga gaba da baya. Kowane umurni da waƙafi mai ruwa ake rufe shi. In an gama, sai a juya rubutun zuwa sigar da injin yake ganewa, a adana.

An jera umurnin ne hawa hawa, kamar yadda aikin gwamnati yake. Akwai na bai-ɗaya wanda ya hau kan dukan ayyuka, akwai na rukuni, sa'an nan akwai na aiki guda. Idan suka saɓa, na aiki guda shi ke rinjaye. Har ila yau akan cusa wani umurni da ake kira DJDE a tsakiyar bayanan, domin a sake fom ko fasalin shafi ba tare da an tsai da injin ba.

Inda haɗarin yake shi ne harafin farko na kowane layi, domin sau da yawa ba na bugawa ba ne, ishara ce ga injin. Lamba 1 tana nufin a buɗe sabon shafi, 0 a tsallake layi guda, alamar tarawa kuwa a buga a kan layin da ya gabata. In marubucin umurni ya yi kuskuren gurbi ɗaya tak, sai injin ya kasa gane ƙarshen shafi, albashin wani ya faɗa cikin takardar wani. Kafin minti goma an ɓata shafi 1,200. Dalili ke nan da ya sa ƙwararru ba su sakin babban aiki sai sun gwada 'yan shafuka sun duba da idonsu.

Daga baya sababbin hanyoyi sun shigo, kamar PostScript a 1984 da PDF a 1993, inda fasalin shafi yake tafiya tare da bayanan. Amma har yanzu sai an gaya wa injin irin takarda, da yawan kofe, da yadda za a haɗa su, kuma alhakin wannan yana wuyan wanda ya rubuta umurnin.