Ɗan kifin kududdufi da ya kai sunan Kiyawa Turai

Idan ka tashi a Maska ko wani ƙauyen Funtuwa da Malumfashi, ka san yadda yara ke dawowa daga kududdufi da damina, gwangwani cike da 'yan ƙananan kifaye. Tarwaɗa da karfasa kowa ya san su. Sauran kuwa, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, sai a watsa wa kaji. To, irin waɗannan ne masana ke ƙetare teku su zo nema.

A 1928 wani Bajamushe masanin kifi, Ernst Ahl, ya yi bayanin wani ɗan kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, wajen Katagum, ya laƙaba masa suna kiyawensis, wato na Kiyawa. Rayuwarsa damina ɗaya ce. Yana saka ƙwai cikin taɓo, ruwa ya ƙafe, iyayen su mutu, ƙwan ya yi ta kwana a busasshiyar ƙasa har ruwan bana ya sauka ya ƙyanƙyashe. Ka san gaiwa tana binne kanta ta jira damina. Shi wannan ƙwansa ne ke jira. Saboda haka in ka ga kifi a ramin da babu rafin da ke shiga cikinsa, ba lallai daga sama ya faɗo ba, kamar yadda ake gaya wa yara.

Me ya sa ake dagewa sai an sa kifi a kwalba? Domin suna ba ya tabbata sai da shaida. Akan jiƙa kifin a maganin fomalin don kada ya ruɓe, daga baya a mayar da shi cikin sifirit, a jefa 'yar takarda mai ɗauke da wurin kamu, kwanan wata da sunan wanda ya kama. Wannan takarda ita ce rabin aikin. Yanzu ana ɗaukar hoto tukuna, don launi yana kodewa, a kuma yanki ɗan fiffike don gwajin ƙwayoyin gado. Da irin waɗannan kwalabe ne George Boulenger ya rubuta kundin kifayen ruwan daɗi na Afirka, juzu'i 4, a gidan tarihin Landan tsakanin 1909 da 1916.

Haka ake yi a teku ma. Cikin duwatsun murjani na gaɓar Ostareliya an kamo wani kifi da bai kai santimita 1 ba a 1979, ya zauna a kwalba shekara 25 kafin a raɗa masa suna a 2004.

Mu dawo gida. Gulbin Sakkwato daga yankin Funtuwa ya faro, ga madatsar Mairuwa, ga fadamu. Ƙasar auduga ce da masara, kuma maganin feshin da ka zuba a gona ruwan sama yana wanke shi zuwa kwari. Wasu ma har yau suna zuba guba irin gamalin a ruwa don kamun kifi, abin da ke kashe manya da ƙanana, ya kuma biyo kifin har tukunyar miyar iyalinka. Babban kifi in ya ɓace masunta za su yi magana. Ƙaramin fa, wa zai lura? Gashi kuwa irinsu ne ke cin tsutsar sauro a ruwan da ke bayan gidanka.

Ba sai kana da kwalba ba. In yaronka ya kamo wanda ba ka sani ba, ɗora shi a tafin hannu mai jiƙe, ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta sunan kududdufin da ranar, ka mayar da shi ruwa. Ka tambayi dattawan Sarkin Ruwa sunansa na Hausa, sannan ka nuna wa malamin kimiyya na makarantar garinku, ko ɗalibin da ke karatun halittu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.