Noman Furen Daliya a Lambunan Maiduguri

Daliya fure ne da asalinsa ƙasar Meziko, inda yake tsirowa a kan tsaunuka masu sanyi. An kai shi Turai a ƙarshen ƙarni na 18, aka raɗa masa suna don tunawa da Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin. Ana yanko furensa da sanda domin ado a otal-otal da wuraren biki. Ba ya jure doguwar tafiya bayan an yanke shi, saboda haka mai lambun da ke kusa da mai saye ya fi wanda zai yi jigila daga Jos riba.

Lokacin shuka

Nasarar wannan noma a Maiduguri ta rataya ne a kan lokaci. Daliya ya fi son zafin da bai wuce digiri 15 zuwa 25 ba, alhali a watan Afrilu zafin garin yakan haura 40. Damar manomi ita ce hunturu. A shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, domin a soma yanka cikin Janairu, bayan kamar mako 10 zuwa 12. Wanda ya jinkirta, furensa zai ci karo da bazara, ya yi asarar iri da ban ruwa.

A waɗannan watanni yini ba ya cika awa 12, kuma gajeren yini yana sa daliya ya yi saurin fure da saiwa tun bai yi tsayi ba. Tunda mai saye doguwar sanda yake nema, a zaɓi iri mai tsayi. In da hali, a kunna fitila mai aiki da hasken rana a kan shukar na awa 2 zuwa 3 bayan magariba, a makonni shida na farko.

Gyaran fili da shuka

A nemi ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, irin ta wasu lambunan bakin kogin Ngadda. A guji baƙar ƙasar firgi, don tana ruɓar da saiwa. A yi kunya, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Saiwar ta yi kama da dankali, amma idonta yana wuya ne kawai. Wadda ba ta da ido ba za ta tsiro ba. A kwantar da ita a zurfin santimita 10 zuwa 15, da tazarar santimita 45 zuwa 60. Kada a yawaita ruwa kafin tsiro ya fito.

Kulawa

Idan shuka ta kai santimita 30, a datse kanta domin ta yi rassa. A kafa mata sanda, a kewaye lambun da zana saboda iskar hunturu, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi. Yawan takin yuriya ganye yake kawowa, fure kuwa ya ragu. A riƙa duba bayan ganye saboda darɓa, mai yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Duk shukar da ta kamu, a tumɓuke ta a ƙone.

Yanka da kasuwa

A yanka da sassafe, lokacin da fure ya kusa gama buɗewa, domin wanda aka yanke a rufe ba ya buɗewa. A cire ganyen ƙasa, a tsoma sandar nan take cikin bokitin ruwa mai tsabta, a ajiye a inuwa. Kwana 3 zuwa 5 furen yake yi, don haka a kulla ciniki tun kafin a shuka.

Ana ba malaman gona shawara su fara da ɗan filin gwaji. Ajiye saiwa har ta ƙetare bazara da damina yana da wuya a nan, saboda haka manomi ya sa kuɗin sabon iri na kowace shekara cikin lissafinsa kafin ya faɗaɗa lambu.