Yaushe Ya Kamata Ɗan Ci-rani Ya Naɗe Tabarmarsa?

A zamanin iyayenmu, mutumin Wurno ko Rabah ko Goronyo da ya tafi cin rani ba ya jiran kowa ya gaya masa ranar komowa. Ana gama girbin gero, a cika rumbu, sai majiya ƙarfi su kama hanya, wasu kurmi, wasu Gwanja fataucin goro, wasu gonakin koko na ƙasar Asante. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalin kowa ya koma gona. A ranin 1952 zuwa 1953 an zuba masu ƙirga a hanyoyi da mashigan ruwa da ke fita daga lardin Sakkwato, aka lissafa matafiya sama da dubu 250, kuma wani masani mai suna Prothero ya yi nazari a kansu. Tafiya ce ta 'yan watanni, damina ce ke yanke ta.

Wanda ke tuƙi a Riyad yau, ko wadda ke aikatau a Jidda, ko mai leburanci a Sabha da Tamanrasset, ko mai sayar da albasa a Akra, babu daminar da ke kiransa. Ya bar gida da niyyar shekara biyu, ga shi ya shiga ta goma sha biyu, kuma kullum maganar ita ce “bari in ƙarasa ginin nan tukuna.” Abin da tarihin mutanenmu ya nuna shi ne, baƙon da bai sa wa kansa rana ba, wani ne ke sa masa, kuma ba ya tuntuɓarsa.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. A lokacin akwai Hausawa a zangon Kumasi da Sabon Zango da Nima da suka yi shekara talatin ko arba'in, wasu ma a can aka haife su, ba su taɓa tunanin wata takarda ba domin babu wanda ya taɓa tambayarsu. Mako biyu ba ya isa a sayar da gida da daraja. Aka yi ta karyar da kaya, aka bar bashi a hannun mutane, aka hau manyan motoci da abin da hannu ya iya ɗauka. Shekara goma sha uku bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora a nan Najeriya, mafi yawansu mutanen Gana. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta watso ma'aikata daga Libiya, yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma ya sa ɗalibanmu kwana a bakin iyakar Masar suna jiran a buɗe musu.

Wani zai ce ai akwai waɗanda suka tafi suka zauna, kuma zaman ya karɓe su. Gaskiya ne, kuma mutanen Wurno sun fi kowa sanin wannan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har bakin kogin Nilu, kusa da Sennar, inda aka kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Jikokinsu 'yan Sudan ne. Amma su sun sami ƙasar noma, sun tafi da iyalansu da malamansu, kuma a zamanin da iyaka ba ta zama katanga ba. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce: ƙasar nan da nake zaune, dokarta ta yarda in zama ɗan gida wata rana? A Ingila ko Kanada, likita ko malamin jami'a na iya samun izinin zama na dindindin bayan wasu shekaru. A Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa masu mai, igamar ma'aikaci, wato takardar zamansa, a ɗaure take da aikinsa da kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki, haihuwar yaro a can kuma ba ta mayar da shi ɗan ƙasa. Ranar da ƙarfi ya ƙare, igama ta ƙare. Ga wanda ke can, komowa tabbas ce. Abin da ke hannunsa shi ne lokacinta da yanayinta.

Babban abin da ke riƙe mutane shi ne canji. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, ita kuwa naira ta sha ƙasa: a 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Albashin riyal 1,500 ya zama kusan naira dubu 600 a wata, kuɗin da yawancin ma'aikatan gwamnati a Sakkwato ba sa gani. Wa zai saki wannan? Sai dai lissafin yana da rami. Buhun shinkafa da siminti da taki da man fetur duk sun bi dala sun hau, musamman bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Kuma yawan abin da kake turowa ba shi ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne abin da ya tsaya da ƙafarsa bayan an ci, an yi biki, an yi suna, an biya asibiti. Mutum na iya turo kuɗi shekara goma, ranar da ya sauka a tasha ya tarar ba shi da abin da zai kawo masa naira ɗaya gobe.

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi yin kuskure: gida ake fara ginawa, a kafta masa gate da tayil, alhali gida ba ya ciyar da mai shi. Yankin nan kuwa Allah ya ba shi abin da wasu ke nema. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima tana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ga fadamar Wurno, ga albasa da tafarnuwa da shinkafa da ake lodi zuwa kudu, ga kasuwar Achida. Fili a fadama da injin ban-ruwa da wurin ajiyar albasa har farashi ya tashi sun fi ɗaki na biyar amfani ga mai shirin komowa. Alama mafi ƙarfi cewa lokaci ya yi ita ce a ce abin da ka kafa a gida ya yi shekara guda cur yana riƙe da iyali ba tare da ka ƙara masa daga waje ba. Kuma ka gani da idonka. Hoton WhatsApp ba shaida ba ne. 'Yan ci-rani da yawa sun dawo sun tarar gonar da aka nuna musu ta maƙwabci ce.

Ga masu aiki da kamfani a Saudiyya, akwai lissafin da ke sa wata ɗaya ya zama kuɗi mai yawa. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ba ma'aikaci kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Idan wa'adin kwantiragi ne ya cika, ana ba shi duka. Idan shi ne ya ajiye aiki, wanda bai kai shekara biyu ba ba ya samun komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, bayan biyar kashi biyu cikin uku, sai ya cika goma a ba shi duka. Mai albashin riyal 2,000 da ya yi fushi ya ajiye aiki ana saura wata ɗaya ya cika shekara biyar zai tashi da wajen riyal 1,600. Da ya daure ya haura biyar ɗin, da sama da 3,300 zai karɓa. Masu aikin gida da direbobin gida ba sa cikin wannan tsari, nasu albashin wata ɗaya ne bayan shekara huɗu a jere, kuma sassaucin da aka yi wa tsarin kafili a Maris 2021 bai shafe su ba.

'Ya'ya su ne agogon da ba ya jira. Tun Yulin 2017 Saudiyya ta sa wa baƙi haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsu, ya fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu riyal 2,000 ke nan kowane wata, abin da ya sa iyalai da dama suka rabu biyu. Amma ko ba haraji, yaron da aka dawo da shi yana shekara bakwai zai saje da tsaransa a makarantar allo da ta boko kafin shekara ta zagayo. Wanda aka dawo da shi yana sha bakwai, Larabci ne a bakinsa, ba shi da Turancin zana jarrabawa, ba shi da lambar NIN da JAMB ke nema, ba ya iya noma, kuma yana ganin garin ubansa a matsayin wurin da aka jefa shi. Abin ya fi tsanani ga waɗanda ake kira takari, masu zama babu takarda, domin 'ya'yansu kan tashi ba su da shaidar can ba su da ta nan. Duk mai irin wannan hali, neman wa yara fasfo a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ya fi sayen fili gaggawa.

Sai maganar da ba a son faɗa, wato tsaro. Mutanen Rabah ba su manta da harin Tabanni na Yulin 2018 ba, na Goronyo kuma ba su manta da ranar kasuwa ta 17 ga Oktoba 2021 ba, da aka kashe mutane da dama. Wanda ya dawo daga waje, ko da bashi ya dawo, ana yi masa kallon mai kuɗi, labari kuma yana isa daji kafin ya gama gaisawa da dangi. Wannan ba dalilin dawwama a waje ba ne, amma dalili ne na sake tunanin inda za a sauka. Komowa gida na iya zama zama a cikin Sakkwato ko cikin garin Wurno, ana leƙa ƙauye da rana. Tara garken shanu a irin wannan lokaci kuwa, ni dai ba zan ba kowa shawararsa ba.

Akwai kuma waɗanda ba kuɗi ke riƙe su ba, kunya ce. An sayar da rago da gona an yi musu kuɗin mota zuwa Agadas, yaya za su dawo hannu rabbana? Haka suke ƙara shekara a kan shekara a Libiya ko Aljeriya, har ranar da za a kwashe na Aljeriya a mota a zube a hamada, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da aka yi wa haka a 2024 kaɗai. Hukumar IOM tana mayar da masu son komowa da kansu, a Agadas da Tarabulus, kuma wanda ya bi ta nan aƙalla yana isowa da lafiyarsa. A Saudiyya ma, lokacin afuwar 2017, wanda ya fito da kansa an yafe masa tara kuma an bar masa damar sake shiga ta halal, wanda kuwa aka kama aka kai tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, an ɗauki yatsunsa an rufe masa ƙofa. Iyaye da ke gida suna da hannu a nan: yaro da yawa na jiran ya ji an ce masa “dawo, ba komai” ne kawai.

Wanda ke Saudiyya da takarda kuma yana da hutu, kada ya fara da bizar fita ta ƙarshe. Ya karɓi ta fita da komowa, ya zo ya yi wata biyu ko uku, ba lokacin salla da kowa ke fara'a ba, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya yi yawa, hanya ta lalace, masu neman taimako suka cika zaure. Idan bayan haka ya ga zai iya, sai ya koma ya rufe lissafi. Bizar fita ta ƙarshe kwana 60 take bayarwa, ba ta fita idan akwai mota da sunan mutum ko tarar hanya da bai biya ba, kuma bin haƙƙi a wurin kamfani daga Goronyo abu ne mai wuya, don haka a karɓi kuɗin sallama da takardar shaidar aiki da takardun makarantar yara kafin a buga ta. Kuɗin da ya haura dala 10,000 kuma dole a bayyana wa kwastan a filin jirgi. Turo shi ta banki kafin a taso ya fi ɗauko shi a jaka.