Mai Littafi da Mai Karanta Masa

Bismillahi. Bayan haka, manyan attajiran zamani sun mayar da littafin ciniki cikin kwamfuta. Haja da bashi da albashi, duk manhaja ke riƙe da lissafinsu. Amma manhaja tamkar littafi ce, ba ta da fa'ida sai da mai karanta ta a gida.

Kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya daɗe yana danƙa wannan aiki ga 'yan kwangila, har kusan kashi 90 cikin ɗari ya koma hannun bare. Kowane gyara sai an yi ciniki an jira, sanin sirrin aikin kuwa yana wajen wasu.

A shekarar 2012 aka naɗa Randy Mott shugaban sashen. Ya ɗauko ma'aikata wajen 3,000 daga kamfanin HP, waɗanda dama su ke yin aikin, suka zama 'yan gida. Aka buɗe cibiyoyi huɗu, aka ƙudura tattara rumbunan bayanai 23 su koma 2.

Dillali yakan tafi da zarar ciniki ya faɗa, yaron gida ke kwana da kaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Allah shi ne masani. Tamat.