Sansanin Seeds of Peace a Bakin Tabkin Pleasant

A garin Otisfield, cikin jihar Maine ta Amurka, akwai wani sansanin yara a bakin tabkin Pleasant. Ɗan jarida John Wallach ne ya kafa shi a 1993, ya fara da matasa 46 daga Isra'ila, Falasɗinu da Masar. A watan Satumbar shekarar suka halarci rattaba hannu kan yarjejeniyar Oslo a fadar White House.

Manufarsa ita ce yaran da suka taso suna jin cewa maƙwabtansu abokan gaba ne su kwana ɗaki ɗaya, su ci abinci tare, su tuƙa kwalekwale tare. Abin da ya fi wuya shi ne zaman tattaunawa na kullum, inda kowa ke faɗin abin da yaƙi ya yi wa gidansu. Daga baya an shigo da yaran Indiya, Pakistan da Afganistan.